Baƙon Kwana Biyu

Ranar da dokar kulle ta cika kwana goma sha tara, Siririya ta shiga banɗaki da safe ta tarar gashin gemu ya toshe wurin wanke hannu. Ga majina a gefen famfo ta bushe ta manne. Ga gajeren wando jiƙe an shanya shi a kan tawul ɗinta.

Ta rufe ido ta daɗe a tsaye. Da tsinken tsintsiya ta ɗage wandon ta yar a ƙasa, tawul ɗin kuwa ta san ita da shi har abada.

Duk aikin Injiniya ne.

Ɗan aminiyar Umma ne, daga wani gari ya zo wai ya kawo saƙo ya kuma gaisa da mutan gida, kwana biyu ya koma. Ana gobe zai tafi aka sanar da rufe hanyoyi saboda annobar da ta ɓarke. Tun daga ranar ya mayar da falonsu ɗakin kwanansa. Babu wanda ya taɓa ganin abin da ya ƙera ko ya gyara, amma in ba ka ce masa Injiniya ba sai ya yi kamar bai ji ba.

Ita kuwa tela ce, shekararta ashirin da bakwai. Da aka rufe shagonta ta kwaso keken ɗinki ta kafa a ɗakinta, tana ɗinka takunkumi daga guntayen yadi. Sunan Siririya tun tana rarrafe Abba ya laƙaba mata, har ya danne na yanka.

Ta fito falo don ta wuce kicin. Injiniya yana miƙe a doguwar kujera daga shi sai singileti, ƙafa ɗaya a kan teburin da suke cin abinci, yana yanke farce. Wani gutsure ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon sukari. Ta gani da idonta.

"Amarya, an tashi lafiya?" ya ce, yana washe baki. "A soya mini ƙwai huɗu, kar a cika gishiri."

"Ba sunana ke nan ba."

"Ai saura ƙiris ya zama."

Ya miƙa hannu ya ɗauki takunkumin da ta ɗinka wa Abba jiya, ya goge gumin hammatarsa da shi, ya mayar inda ya ɗauko.

Ta ɗauke kwanon sukarin ta juye shi gaba ɗaya a shara.

Gidan bene ne mai hawa uku, 'yan haya shida, su suna hawa na biyu. A ƙasa kusa da ƙofar shiga akwai wani ɗaki guda mai ƙaramar taga, nan Dogo yake. Direban motar asibiti ne. Wata biyar da suka wuce ya turo yayansa wurin Abba neman aurenta. Abba ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Umma ba ta nemi lokaci ba, a take ta ce ba za ta ba da 'yarta ga mai jigilar gawa ba.

Tun da aka fara kulle Dogo bai sake hawa matakalar ba. In ya dawo aiki da yamma sai ya tsaya a bakin famfon tsakar gida ya wanke hannu har gwiwa, ya cire rigar aiki ya tsoma a bokitin ruwan magani, ya goge kan famfon kafin ya bar wurin. Daidai lokacin ne Siririya take fitowa baranda kwashe shanya. Sukan samu minti biyar, shi a ƙasa ita a sama. Wani lokacin ba su ma magana, ya ɗaga kai ta sunkuyar da nata. Abin da ke riƙe ta a gidan ke nan.

Bayan la'asar kullum sai an baje ludo a kafet. Abba ne ya ƙirƙiro wannan, don tun da ya yi ritaya bai taɓa zama wuri ɗaya haka ba, ga ciwon suga, likita ya hana shi ko leƙa waje. Shi ja, Umma kore, Siririya shuɗi, Injiniya ruwan ɗorawa.

Rannan Injiniya ya zauna da farantin naman kaza da ya rage da rana. Yana tsotsar ƙashi yana jefa ƙwayar ludo da hannun nan mai maiƙo, sannan ya miƙa mata. Sai da ta sa gefen mayafi ta karɓa.

Abba ya juya yana kallon talabijin, ana karanto adadin waɗanda suka kamu. Injiniya ya sa ɗan yatsa ya tura ɗansa gida uku gaba, ya cinye na Abba.

"Abba, na ci ka fa," ya ce.

Abba ya gyara tabarau ya leƙa allon. "Ikon Allah. Ni na zaci da saura."

"Da saura, Abba," in ji Siririya. "Biyu ya jefa, ya tafi biyar."

Umma ta galla mata harara. "Wasa ne ko shari'a? Ke ba ki iya kawar da kai ba?"

Injiniya ya yi dariya har wani ɗan nama ya fito daga bakinsa ya sauka a kan gidan shuɗi. Ya lakace shi da yatsa ya mayar baki.

"Rabu da ita, Umma. In ta zo gidana za ta koyi wasa."

Siririya ta miƙe ta shige kicin. Ta kunna famfo tana ta cuɗa hannu da sabulu kamar za ta saɓule fatar. Umma ta biyo ta ta turo ƙofa.

"Wane irin wulaƙanci ne wannan a gaban baƙo?"

"Umma, baƙon kwana biyu ne ya kwana goma sha tara."

"Shi ya rufe hanyar? Ki saurare ni da kyau. Mun gama magana da uwarsa. Ana buɗe gari manyansa za su zo."

"Ni ba a gama magana da ni ba."

"Me ya rasa? Yaro da karatunsa, da asalinsa, mun san gidan da ya fito."

Hawaye suka cika mata ido. "Umma, ke ba kya shiga banɗaki bayansa ne? Ba kya ganin abin da yake yi da kofunanmu? Jiya na kama shi yana shan madara da bakin kwalba ya mayar firij, ita kuma na riga na zuba wa Abba a shayi da safe ban sani ba. Wallahi in ya wuce ta kusa da ni sai na riƙe numfashi. Wannan kike so in kwana in tashi da shi har mutuwa?"

"Duk namiji haka yake, mace ke gyara shi."

"Abba ba haka yake ba."

"Ni na gyara shi." Umma ta matso, ta rage murya. "Ke da kike ƙyamar mutum don ya sha madara, ba kya ƙyamar wancan na ƙasa? Mutumin da yake wuni cikin aman mutane da tarinsu, ya ɗauki mai rai da safe ya ɗauki gawa da yamma? Da wannan hannun zai riƙa ba ki abinci?"

"Hannunsa ya fi na kowa tsabta a gidan nan."

"Na ga alama ya shanye ki."

"Ba abin da ya ba ni, Umma. Mutumci kawai na gani." Kuka ya ƙwace mata. "Shekara nawa ina yi miki biyayya? Kin ce in bar karatun jinya na bari. Kin ce in koyi ɗinki na koya. Wannan ɗaya tak na roƙe ki."

Maganar kamar ta taɓa Umma. Sai ta ɗauki tsumma ta hau goge murhun da ba shi da datti.

"Kwana nawa ma ya rage masa a gidan," ta ce a hankali, ta fita.

Siririya ba ta gane abin da take nufi ba sai gab da magariba.

Ta fito baranda kwashe shanya ta tarar Dogo ya riga ya dawo. Bai tsaya a famfo ba. Yana zaune a dakalin ƙofar ɗakinsa, waya a hannu, kai a sunkuye.

"Lafiya?" ta tambaya, murya ƙasa ƙasa.

Ya ɗago. Takunkumi ya rufe rabin fuskarsa, amma idanun sun isa.

"Mai gidan nan ya kira ni. Ya ce in kwashe kayana gobe da safe."

"Saboda me?"

"Wai an rubuta a guruf ɗin 'yan haya na waya cewa ina tari, kuma an gan ni ina wanke zanin gado mai jini a famfon nan. Kowane gida ya amsa ya ce in tashi. Sun cire ni daga guruf ɗin kafin su fara maganar, sai yanzu wani ya turo mini."

"Amma ƙarya ce."

"Na sani. Shekaranjiya aka yi mana gwaji, ga takardar a aljihuna, ba ni da komai. Na ce zan tura masa, ya ce shi ba ruwansa da takarda, ba zai rasa mutum shida saboda mutum ɗaya ba."

Ta riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu. "To ina za ka?"

"Akwai benci a garejin asibiti. Abokan aikina biyu can suke kwana, su ma haka aka yi musu." Ya yi ɗan murmushin da ta gane daga idonsa. "Kar ki yi kuka, Siririya. Matar hawa na uku da ta fi kowa zafi a maganar, ni na kai mijinta asibiti bara a bayana, ranar da ya faɗi a matakala. Ban ji haushinta ba. Tsoro ne."

"Wa ya fara rubutawa?"

Ya kawar da kai. "Bar wannan."

"Dogo, wa ya fara?"

"Ki shiga ciki, an kusa kiran magariba."

Washegari da hantsi Umma ta miƙo mata waya. Tana son kallon bidiyon yadda ake gasa burodi a tukunya, abin da matan gidan duk suka ɗauka tun da aka fara kulle, amma wayar ta ƙi yin sauti. Siririya ta gyara. Har za ta miƙa mata sai saƙo ya faɗo daga guruf ɗin 'yan haya: "Alhamdulillahi, ya fara fito da kaya."

Ta danna. Ta yi ta ja sama, ta wuce "mun yarda" da "mu ma mun yarda", har ta kai saƙon farko. Daga wayar da ke hannunta ya fita. Dogon rubutu ne, an jera shi ɗaya, biyu, uku, kuma ya fara da "A matsayina na mai ilmin kimiyya". Umma ko gaisuwa ba ta iya rubutawa a waya, sai dai ta yi magana ta tura. Mutum ɗaya ne a gidan nan yake buɗe kowace magana da matsayinsa.

Ta damƙe wayar a hannu.

Ta fito falo. Injiniya yana kwance yana sakace haƙori da kusurwar katin karta. Abba yana kujerarsa yana jan carbi.

"Kai ka rubuta wannan?"

Ya kalli wayar, ya kalli abin da ya sakato a bakin katin, ya goge a hannun kujera.

"Kare lafiyar jama'a ne. Ko don Abba ai ya kamata ki gode mini."

"Ka gan shi yana tari?"

"Irinsu ai ba sai an gani ba."

"Zanin gadon mai jini fa?"

"To, sai an ɗan ƙara gishiri mutane ke motsawa."

Abba ya dakata da jan carbi. "Me ake ciki ne?"

Umma ta fito daga kicin, hannunta duk fulawa. "Ba ni wayata."

Siririya ba ta ba ta ba. Ta tsaya a tsakiyar falo ta karanta wa Abba saƙon tun daga farko har ƙarshe. Da ta gama ta juya ga Umma.

"Da saninki, Umma?"

"Ni na ba shi wayar. Sai me? Ubanki yana da suga. In cutar nan ta hawo matakala wa za ta fara ɗauka?"

"Da don Abba ne da kin nemi takardar gwajinsa. Ba don Abba kika yi ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ki yafe mini, Umma." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Amma yau na ji ƙyamar gidan nan. Kwana ashirin ina wanke ƙazantar mutumin nan ina cewa ita ce ta fi komai muni. Ashe akwai wadda sabulu ba ya fitarwa, kuma da wayarki aka yi ta."

Ta ajiye wayar a kan tebur, ta ɗauki mayafi da takunkumi ta nufi ƙofa.

"In kika sauka wurinsa," in ji Umma, "ki san inda za ki kwana."

Ta buɗe ƙofa ta fita.

A tsakar gida Dogo ya fito da katifa, da jaka biyu, da ƙaramin risho. Motar asibiti tana bakin ƙofa, abokin aikinsa a ciki. Kowace taga ta benen da fuska a jikinta, wasu sun ɗaga labule da yatsa ɗaya.

Da ya gan ta sai ya ja da baya. "Koma sama. Don Allah ki koma, kar su haɗa da ke."

Ba ta saurare shi ba. Ta sunkuya ta ɗauki jakar kayan sawarsa ta rungume a ƙirji, ta ratsa tsakar gidan a hankali yadda kowa zai gani, ta kai mota. Ta dawo ta ɗauki ta biyu.

"Ba ni takardar," ta ce.

Ya zaro ta daga aljihu. Ta buɗe ta ɗaga sama, ta juya da ita ta kowane ɓangare.

"Ga gwajinsa nan," ta ce da ƙarfi. "Wanda ya gan shi yana tari ya buɗe taga ya faɗa."

Babu tagar da ta buɗe. Labulen hawa na uku ya sauka a hankali.

"Kin ja wa kanki," in ji Dogo, idonsa ya yi ja. "Ni namiji ne, ko a benci zan kwana. Ke fa?"

"Ni gidan ubana zan koma. Ka riƙe amanata kawai."

"Ko shekara nawa ne."

Ta ninke takardar ta riƙe, ta hau matakala. Da ta isa ƙofarsu ta murɗa hannun, ƙofa ta ƙi buɗewa. An sa sakata ta ciki.

Ta ƙwanƙwasa.

"Kar a buɗe," muryar Injiniya ce, ta sirance kamar ta wani daban. "Na gan ta ta taga, har rungume kayansa ta yi. Umma, kar ki matsa kusa da ƙofar. Sai ta yi kwana goma sha huɗu a waje."

"A waje ina?" Muryar Abba ce.

"Ko a matakala, a riƙa miƙa mata abinci a leda. Ni dai ba zan shaƙi iska ɗaya da ita ba."

Siririya ta jingina goshi da ƙofar. Wannan ne mai ce mata amarya jiya da safe. Ta jira ta ji Umma ta ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce.

Sai ta ji ƙarar kujerar Abba, da takun silifas ɗinsa a hankali.

"Yaro," in ji Abba. Bai ce Injiniya ba. "Kwana ashirin kana cin abincina, kana yi mini maguɗi a ludo ina gani ina kawar da kai saboda mahaifiyarka. Yau kuma ka kulle mini 'ya a waje, a gidana."

"Abba, a matsayina na..."

"Haɗa kayanka."

"Ina zan je? Hanya a rufe take."

"Ɗakin ƙasa babu kowa, kai ka kori mai shi. Zan kira mai gidan ya ba ka makulli."

"Wancan ɗakin?" Muryar ta tsinke. "Abba, ɗakin da... ai mutuwa ce a ciki."

"Ka ce ƙarin gishiri ne. Sauka ka ɗanɗana."

Takun Abba ya matso har Siririya tana jin numfashinsa ta bayan katako. Ƙarfen sakatar ya motsa, ya fara zamewa, sai ya tsaya cak a rabi, kamar an dafe shi da wani hannun.

"Malam," in ji Umma, muryarta a daidai bakin ƙofar, a sanyaye, irin sanyin da Siririya ta fi tsoro tun tana yarinya. "Shekara talatin da ɗaya ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma yaron nan amana ce uwarsa ta ba ni. In ya sauka matakalar nan da jakarsa, da tawa jakar zan bi bayansa. Sai ka zaɓa."



Siririya ta tsaya da takarda a hannu, tana kallon ƙofar da ba a buɗe ba, ba a kuma rufe ba. A ƙasa injin motar asibiti yana ta kaɗawa. Dogo bai tafi ba.